Hoton Tsohon Bango Ba Tonon Asiri Ba Ne

Ranar wata Asabar bayan La'asar, ruwan Oktoba ya ɗauke ke nan, na biyo wani lungu a bayan layin teloli na unguwar Briketeri a Yawunde tare da ɗan yayata. Yaron ɗalibin jami'a ne, kuma tun da ya sami waya mai kyamarar kirki ya hana kowa sakat. Muna tafe muna tsallake kwatoci sai na ga ya tsaya cak a gaban wani bango. Ni dai ban ga komai ba sai bangon da nake wucewa tun ina ɗan makarantar allo: yaɓen siminti ya ɓare daga ƙasa, jar ƙasa ta leƙo, kwanon rufin ya yi tsatsa har ya koma launin jan goro. Shi kuwa ya durƙusa, ya karkata kai, yana jiran hasken rana ya sauko kan tagar.

Bai kai ga dannawa ba muka ji murya daga shagon da ke fuskantar bangon. Wani dattijon tela ne, abokin marigayi mahaifina. Ya tsayar da kekensa, ya leƙo ta saman tabarau.

"Kai yaro, me ka gani a nan?"

"Baba, bangon ne ya ba ni sha'awa."

"Sha'awa? Duk benayen Bastos da Tsinga ba su ishe ka ba, sai ka zo ka tona mana asiri? Gobe a gan mu a Facebook, a ce ga inda Hausawan Yawunde ke kwana. Jibi kuma katafila ta zo."

Na rusuna na gaishe shi, na ba shi haƙuri, yaron ya mayar da waya aljihu muka wuce. Amma maganar ta bi ni har gida, don ba ta Baba ce shi kaɗai ba. Na ji ta a majalisar shayi, na ji ta a ƙofar masallaci, na ji ta a bakin matasa masu digiri. Kusan kowa a unguwar nan ya yarda cewa tsohon gini abin kunya ne, wanda ya ɗaga masa kyamara kuma ko dai ɗan tonon asiri ne, ko kuwa ƙoshi ne ya yi masa yawa har yake ganin kyau a wahalar wasu. Ina ganin girman masu wannan ra'ayi, wasunsu su suka goya ni. Duk da haka ban yarda da su ba, kuma ina so in faɗi dalilina cikin ladabi.

Bari in fara ba Baba gaskiyarsa, don yana da ita, kuma ba kaɗan ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsatsar da ke burge mai hoto da yamma, ita ce ke tayar da uwar gida ƙarfe biyun dare tana jera bokitai a tsakar ɗaki, tana janye katifar yara. Gansakukar da ta yi kore shar a gindin bango, danshi ne da ke sauka a ƙirjin jariri. Mai hoto minti biyar zai yi ya tafi, mai gida kuwa a nan zai ga damina biyu kowace shekara, ta Maris zuwa Yuni da ta Satumba zuwa Nuwamba. Wanda bai taɓa kwana yana sauraron ɗigon ruwa a cikin roba ba, ya kamata ya tauna kalmar "kyau" kafin ya furta ta a lungunmu.

Ba mu kaɗai muka yi wannan ƙorafi ba. Birnin Detroit na Amurka, cibiyar ƙera motoci, yana da mutum kusan miliyan 1 da dubu 850 a 1950. Kafin 2010 sun ragu zuwa dubu 714. Masana'antu suka rufe, makarantu da gidajen silima da babbar tashar jirgin ƙasa suka zama kangaye, masu hoto kuwa suka yi ta tururuwa daga ko'ina. Wasu Faransawa biyu, Yves Marchand da Romain Meffre, har littafi guda suka fitar na kangayen birnin a 2010. Mazauna garin da yawa sun ƙi jinin wannan yayi, har aka kwatanta irin hotunan da hoton batsa. Abin da ya fi ƙona musu rai shi ne mai hoto ya tsaya yana jira sai mutum ya wuce kafin ya danna, kada mai rai ya ɓata masa kufai. A lokacin mutum dubu ɗari bakwai na zaune a gari, suna zuwa aiki, suna aurar da 'ya'ya, amma duniya sai gawar garin take gani.

Tsoron katafilar ma yana da tushe. Hukumar birnin Paris ce da kanta ta ɗauki Charles Marville aiki a shekarun 1860, ya bi tsofaffin lunguna yana ɗaukar hoto kafin ta share su ta shimfiɗa manyan tituna. A Glasgow, hukumar da za ta rushe unguwannin talakawa ita ta aiki Thomas Annan tsakanin 1868 da 1871. Mai kyamara a gaba, mai diga a baya. Mu kuwa ba sai an ba mu labarin Paris ba. Duk wanda ya yi wayo a Yawunde ya san jan fentin nan da ake giciyewa a jikin bango, alamar cewa kwanan gida ya ƙare. A zamanin da Gilbert Tsimi Evouna ke riƙe da hukumar birnin, wanda mutanen gari suka laƙaba wa Jack Bauer, an ga rusau iri-iri, na unguwar Ntaba a 2008 ma har yau ana ba da labarinsa. Ƙara da kallon zargi da aka riƙa yi wa unguwannin Musulmi tun da fitinar Boko Haram ta taɓa yankin Arewa Mai Nisa. Dattijon da ya ga duk wannan, in ya ga baƙuwar kyamara gabansa ya faɗi, ba za a ce ya yi wauta ba.

Sai dai a nan muka rabu da Baba. Katafila ba ta jiran hoton ɗan yayata. Masu tsara gari suna da taswira, suna da ma'aikatan safiyo, suna da hoton tauraron ɗan Adam. Duk wanda ya buɗe taswirar Google a wayarsa zai ga rufin gidajenmu daga sama, ja-ja-wur, a cunkushe kamar ɓawon gyaɗa a faranti. Duk babban mutumin da ya je kallon wasa a Palais des Sports, zauren wasannin da 'yan Sin suka gina aka buɗe a 2009, ta gefenmu ya wuce, ya kuma gan mu ta gilashin mota. Hoton unguwar nan daga sama da daga nesa yana hannun kowa. Wanda babu shi ne hoton da aka ɗauka daga ƙasa, da idon wanda ya san sunan mai gida, ya san wace ce ta haihu a ɗakin can, ya san dalilin da ya sa ƙofar nan ta karkace. In muka hana 'ya'yanmu ɗauka, hoton nesa ne kaɗai zai rage, shi kuwa ba abin da yake nunawa sai tsatsa.

Sannan mene ne asiri? A al'adarmu asirin gida daga zaure zuwa ciki yake: tukunya, shimfiɗa, iyali, abin da aka ci da abin da aka rasa. Bangon waje kuwa fuskar gida ce, don masu wucewa aka yi shi. Shi ya sa magina a Zariya da Kano da Damagaram suke ƙure basirarsu a kan fuskar zaure, su yi dagi, su yi zane, su ɗora zankwaye. Ba wanda ya taɓa cewa kallon zanen ƙofar gida leƙen asiri ne. Abin da ya canja kawai shi ne fuskar ta tsufa, mu kuma muka soma jin kunyarta kamar yaron da ya shiga boko ya fara ɓoye kakarsa.

Bayan kwana biyu na koma lungun ni kaɗai, da hantsi, na tsaya gaban bangon da ido kawai. Na yi shekara arba'in ina wuce shi, ranar na fara karanta shi.

Daga can ƙasa akwai layi uku na jan bulo, irin gasasshen nan mai nauyi, gefunansa sun side saboda ruwa. A samansa, inda siminti ya ɓare, ana ganin haƙarƙarin ginin: sanduna a tsaye, an gilma musu tsagin gwangwala, an cusa jar ƙasa a tsakani. Wannan shi ake kira poto-poto a ƙasar nan, ginin mutanen kurmi ne. Kakanninmu sun zo da tsarin gida a kansu, zaure da tsakar gida da turaka, amma soron ƙasa mai azara ba zai kai labari ba a garin da ruwansa ya fi na Kano nesa ba kusa ba. Sai suka ari hannun 'yan ƙabilar Ewondo suka gina tunanin Bahaushe. A kan ƙasar an yi yaɓen siminti, a kan simintin fenti hawa uku: shuɗi a ƙasa, kore a kansa, sai wani rawaya na tallar kamfanin waya da ya cinye rabin bangon ya bar rabi. Akwai lambobin alli na masu allurar shan inna, wasu sun goge, wasu sababbi. Akwai shatin wata ƙofa da aka toshe da bulon siminti, ba a ko yaɓe ba, taku biyu daga nan kuma an fasa wata sabuwa mai ƙyauren ƙarfe. Mitar wuta huɗu a jere, kowace da igiyarta. A kusurwar da feshin ruwa ya fi duka, wani ya fasa durom, ya buge shi ya miƙe, ya kafa da ƙusa, kowace ƙusa an sa mata murfin kwalba don kada ta yage ƙarfen. A kan rufin, tsofaffin tayoyi biyu da dutse suna danne da kwano.

Wanda ya ce wannan bango an yi watsi da shi, bai dube shi ba. Ban taɓa ganin bangon da hannu ya taɓa sau da yawa kamarsa ba. Ko'ina faci ne, kowane faci kuma akwai ranar da wani ya tashi da safe, ya lissafa abin da ke aljihunsa, ya ga bai kai buhun siminti ba, ya yi dabara. Murfin kwalbar nan ya tsaya mini a rai. Na tabbata abin da ya tsayar da ɗan yayata ke nan, ko da shi kansa bai iya faɗa ba. Mun san kyan tsohuwar riga da ta sha wanki ta sha bugu, aikin wuyanta ya kwanta. Mun san kyan allon da ya yi baƙi don yawan rubutu da wankewa, ba almajirin da zai ba da shi a ba shi sabo. Irin wannan kyau nake nufi. Ruɓewa ita kanta ba ta da kyau, Baba ya yi gaskiya. Abin da ke kama ido shi ne kokawar da aka yi da ita.

Kuma bangon yana ba da tarihin da ba mu rubuta ba. Jamusawa sun kafa sansaninsu a nan a 1889, a ƙasar Ewondo, suka kewaye shi da shinge, shi ya sa har yau 'yan ƙasa ke kiran garin Ongola, wato shinge. Fatakenmu suka biyo hanyar Ngaundere da Tibati da Yoko, suka haye kogin Sanaga, suna neman hauren giwa da roba da goro, suka yi zango kusa da sansanin. A wannan kwari Jamusawan suka kafa wurin gasa bulo, daga nan sunan Briqueterie ya fito da Faransanci, ko da yake a takardun hukuma Ekudu ake rubutawa. Jamusawa suka fice a farkon 1916, Faransawa suka mayar da garin babban birni, daga baya aka tashi Hausawa daga tsakiyar gari aka tattara su a nan. Wurin gasa bulon ya tafi, sunansa ya rage a bakin direbobin tasi. Mun haura shekara ɗari a Yawunde, amma har gobe akwai mai kallonmu a matsayin baƙi da suka sauko jiya don sayar da soya. Me za mu nuna masa? Littattafan da aka rubuta a kanmu kaɗan ne, yawancinsu kuma wasu ne suka rubuta. Shaidarmu mafi tsufa ita ce waɗannan gine-ginen da muke jin kunya.

Akwai kuma wani ɓangare na ra'ayin da nake ganin ya fi cutar da mu, wato cewa gida ya lalace ne don masu shi ba su da zuciya. Mu da kanmu muke faɗin haka a kan junanmu. Amma a bi gidajen ɗaya bayan ɗaya a tambaya. Wannan, mai shi ya rasu ya bar 'ya'ya goma sha biyu daga ɗaki uku, ba a raba gado ba shekara ashirin, kowa na tsoron ya sa kuɗinsa a rufi ya zama ya yi wa 'yan uba aiki. Wancan, magada suna Duwala da Garwa da Jidda, 'yan haya ne a ciki, ɗan haya kuwa ba ya yi wa wani yaɓe. Na gaba, takardar cinikin da kaka ya yi da mai ƙasa ce kawai a akwati, alhali tun dokokin filaye na 1974, zamanin Ahmadu Ahidjo, takardar mallaka ta hukuma, wadda ake kira titre foncier, ita ce hujjar da ake dubawa, samunta kuwa sai mai dogon numfashi da aljihu mai zurfi. Wa zai zuba miliyoyin sefa a ginin da bai da tabbacin jan fenti ba zai same shi baɗi ba? Toshasshiyar ƙofar nan da na gani, rabon gado ne aka yi da bulo. Mitoci huɗun nan, gidan mutum ɗaya ne ya koma ɗakunan haya. Hoto mai kyau yana sa mai kallo ya yi tambaya, in ya yi tambaya kuwa amsar da zai samu ta fi "ba su da zuciya" mutunta mu.

Ina faɗin wannan da ciwo a raina, don gidanmu ya tafi. Ba hukuma ce ta rushe shi ba, mu muka sayar. Bayan rasuwar kakata magada suka taru, aka yi ta ja-in-ja shekara uku, a ƙarshe wani ɗan kasuwa ya biya, aka raba kuɗi, cikin mako guda ya share wurin ya fara kafa ginshiƙan bene. Ban yi jayayya ba, rabon kowa haƙƙinsa ne. Sai da 'yata ta tambaye ni yadda gidan yake na shiga neman hoto. Na zazzage akwatuna. Na sami hoton kakana da babbar riga da rawani, an ɗauka a shagon mai hoto, a bayansa labule ne da aka zana wa bene mai hawa biyu da fitilun titi da wata mota. Na sami na mahaifiyata da ƙawayenta, su ma a gaban labule, nasu mai furanni. Hoto ya fi talatin, duk a gaban gidajen da ba a taɓa ginawa ba. Zauren da kakana ya karantar da almajirai shekara arba'in, dakalin da aka ɗaura auren iyayena, rijiyar tsakar gida, bishiyar gwaba, ƙyauren katako mai sakata irin ta da, ko ɗaya babu. Na ɗauki takarda zan zana mata, na rasa ko tagar zauren hagu take ko dama. Na kira yayata, ta ce dama. Na kira ƙanin mahaifina, ya rantse hagu take.

Ban ga laifin labulen ba. Mutum yana da damar a ɗauke shi a gaban burinsa, kuma manyan masu hoto na nahiyar nan, irin su Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako, a kan wannan suka yi suna. Amma mun ajiye burin mun yar da gidan.

Wasu sun fi mu dabara, ko kuwa sa'a. A Cape Town, gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana unguwar District Six ta Turawa zalla a 1966, ta kwashe mutum fiye da dubu 60, Musulmi da yawa a cikinsu, ta bi gidajen da katafila. Hujjarta ita ce unguwar ƙazama ce, ta tsufa. Da aka buɗe gidan tarihin unguwar a 1994, da me aka cika shi? Da hotunan da mutane suka ɓoye a akwatuna, na lunguna da baranda da bangaye masu ɓarewar fenti, da allunan sunayen tituna, da wata babbar taswira a ƙasa inda tsofaffin mazauna ke durƙusawa su rubuta sunansu a inda gidansu yake. Hotunan da wata rana za a iya kira tonon asiri, su suka zama shaidar cewa an yi rayuwa a wurin. A Najeriya, wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, ya yi shekaru yana aunawa yana ɗaukar hoton gine-ginen ƙasa, har da Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, kuma da irin wannan aiki aka tayar da kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-gine na Jos. Ƙofar Na'isa ta Kano da aka rushe a 2010 don faɗaɗa titi, wanda bai gan ta ba sai dai ya nemi hoto. Ga kuma ɗan ƙasarmu Samuel Fosso, haifaffen Kumba, wanda aka wawushe gidan hotonsa a Bangui a 2014: 'yan jarida suka tarar da dodon hotunansa warwatse a ƙasa, suka tsince dubbai. Su sun san darajar abin da ake takawa.

Wani abin da ke ba ni mamaki, malaman da suka fi kowa faɗa a kan wannan batu su ne suka karantar da mu waƙoƙin Larabawan Jahiliyya a zaure. Ina tuna yadda malaminmu ke lumshe ido in an zo kan Imru'ul Ƙaisi, yana fassara mana yadda mawaƙi ke tsayar da abokan tafiya a kufan masoyiya. Shekara fiye da dubu ana koyar da yara cewa tsayuwa a kan kufai fasaha ce. To me ya sa in Balarabe ya tsaya da raƙumi ya zama adabi, in ɗan yayata ya tsaya da waya ya zama rashin kunya? Kuma kowace Juma'a muna karanta Suratul Kahfi, muna wuce labarin bangon da ke shirin faɗuwa a garin marowata, wanda bawan Allah Halliru ya tsaya ya tayar, don akwai dukiyar marayu biyu a ƙarƙashinsa. Ba fatawa nake bayarwa ba, ban kai nan ba. Ina dai lura cewa kafin a tayar da bangon sai da wani ya tsaya ya dube shi.

Inda nake komawa wajen Baba da hula a hannu shi ne batun ladabi. Ɗan yayata ya yi kuskure ranar, kuma na gaya masa. Ya shiga lungun mutane ya durƙusa gaban bangonsu bai yi sallama ba. A garin da kowa ya san ba a ɗaga kyamara a gaban fadar shugaban ƙasa ta Etudi ko barikin soja, bai kamata talaka ya zama shi kaɗai ne ba a neman izininsa ba. Ka yi sallama, ka faɗi ɗan wane ne kai, ka faɗi abin da ka gani da inda za ka kai shi. In an ce a'a, a'a ce. Kyamararka ta tsaya inda idon baƙo ke tsayawa, kada ta tsallaka zaure, kada ta bi mata da yara. Kada ka jira sai ranar da kwata ta cika ta shiga ɗakuna sannan ka tuna da unguwa. In ka sa hoton a intanet, kada ka rubuta masa kalaman tausayi irin na masu neman tallafi, ka rubuta abin da mai gida ya gaya maka: wa ya gina, yaushe, wa ya yi facin. Sannan ka wanko ɗaya ka kawo masa. Yawancin haushin da mutanenmu ke ji, na hoton da ya tafi bai dawo ba ne.

Kada kuma a ɗauka ina cewa a bar mutane cikin yoyo don masu hoto su sami abin ɗauka. Wanda Allah ya hore masa, ya gyara, in ma rushewa ce ta fi masa ya rushe ya yi sabo. Poto-poto ba Ka'aba ba ne. Roƙona ɗaya ne, kafin birkila ya ɗaga guduma a kira yaro mai waya ya zaga gidan, ciki da waje, a ajiye wa jikoki. Fadar Charles Atangana da ke Efulan ta daɗe a yashe kafin a waiwaye ta, ita kuwa ta sarki ce, tana da masu yi mata magana. Zaurukanmu ba su da kowa sai mu.

Mako biyu bayan haka na sa ɗan yayata a gaba muka koma shagon, da goro a leda. Ya durƙusa ya ba da haƙuri. Baba ya karɓi goron, ya ɓare ɗaya, ya yi ta taunawa bai ce komai ba. Can sai ya ce gidan ai na yayansa ne marigayi, jan bulon da ke ƙasa kuma mahaifinsu ne ya kwaso daga wani tsohon gini da aka rushe, a kai, shi da almajiransa. Durom ɗin nan shi da hannunsa ya buga shi, shekarar da aka haifi 'yarsa ta fari.

"Murfin kwalbar fa, Baba?" in ji yaron.

Ya dube shi ta saman tabarau. "Kai har shi ka gani?"

Na yi tsammanin ya sauko, sai ya juyo gare ni. "Kai kuma ɗana, kada ka ce na yarda da kai. In Allah ya kawo kuɗi gobe, wallahi bulo zan sa, in yi rufi sabo, in huta da bokiti."

Na ce Allah ya kawo, Baba.

Ya mayar da ƙafa kan keke, ya ja yadin shadda ƙarƙashin allura. Har mun juya ya kira yaron.

"Ka zo Juma'a bayan an sauko, ina cikin manyan kaya. Ka ɗauke ni a gefen durom ɗin. Amma ka bari sai an kwashe shanyar nan tukuna."